Gangunan da sojoji suka bari a hanya

Shekara shida ke nan da aka kashe yayana Ishaku, direban babbar mota da ke ɗauko doya daga kudancin jihar nan zuwa Jalingo. A makon nan rediyo ya ce za a sake rage sojojin da suka saura a wannan hanya, wai ƙura ta lafa. Har yau daga wannan hanya gidanmu na Nukkai yake ci, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bayan rikicin ƙabilanci na wancan lokaci, sojoji sun kafa shingaye da tsofaffin gangunan mai. Suka koya wa direbobi doka: ka ga ganga, ka tsaya, ka kashe mota, ka sauko. Ishaku ya riƙe ta kamar karatun coci. Har tsiya nake masa cewa ko akuya ce ta tsaya bayan ganga zai sara mata. Yakan ce wanda ke da 'ya'ya ba ya gardama da bindiga.

Da aka ce zaman lafiya ya dawo, aka kwashe rabin sojojin ba tare da an gaya wa 'yan tasha ba. Suka naɗe tantinsu suka tafi, suka bar gangunan a tsakiyar titi. Waɗanda ba su huce daga rikicin ba suka zo suka tsaya a bayan gangunan. Ishaku ya hango, ya tsaya, ya kashe mota, ya sauko da ƙafarsa, suka kashe shi. An ce sabo turken wawa, amma yayana ba wawa ba ne. Biyayya ya yi, kuma wannan ne ke ci mini rai har gobe.

Da yana nan, na san ba zai ce soja ya dawwama a daji ba. Su ma suna da iyali. Zai dai tambaya ko wannan karon za a sanar da masu bin hanya kafin a tafi.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ɗabi'arsa ya bari a jikin ɗansa Bulus, mai ladabi kamar uban, wanda bana ya fara jan mota a wannan hanya. Ranar Lahadi bayan sujada ya same ni a ƙofar gida.

"Bappa, in na ga ganga yanzu, in tsaya ne ko in wuce?"

Na buɗe baki in ce masa ya bi doka, sai na tuna dokar ce ta tsayar da ubansa. Da safe ya tafi ɗaukar kaya ban ba shi amsa ba.