Rigar Dutsen Kawu

Kawuna mai gyaran kujeru ne, amma ban taɓa ganin ya zauna a kan ɗaya har ya gama shan ruwa ba. Da ya sayi fili a gefen tudu, sai ga ƙaton dutse a ciki. Magina suka ce a jira masu fasa dutse. Jira? Kawu? Ya ce a zagaye shi da bango kawai. Haka dutsen ya zauna a falo, baƙi ƙirin, tsayinsa ya kai gwiwa, gindinsa ya shige ƙarƙashin bango.

Duk wanda ya tashi a gidan nan akwai tabo a ƙaurinsa, har da ni. Kawu kan ce dutsen ne maigida, shi ɗan haya ne.

Raha ta ƙare ranar da jikarsa mai koyon tafiya ta faɗa a kai ta fasa goshi. Uwarta, Auta, ta goya ta tana kuka.

"Baba, muddin dutsen nan yana nan, 'yata ba ta ƙara taka gidan nan."

Kawu ya rasa sukuni. Ya shiga, ya fita, ya zagaya dutse yana tsaki. Ya sa guduma, ƙota ta karye. Ya hura wuta a kansa ya sheƙa ruwan sanyi, dutse ko gezau, sai bango ne ya tsage. Magini ya duba ya ce, "Ka ƙara taɓa shi, rufin nan a kanka zai sauka."

Haushi ya kama ni, na ce ya sayar da gidan mu huta. Ya harare ni, ya wuce shago, ya dawo da soso da jan yadi. Dutse ba ya karɓar ƙusa, don haka ya durƙusa ya auna kowane tudu da lungu, ya ɗinka masa riga mai kauri.

Auta ta zo dubawa, ta bar yarinyar a zaure. Ta danna rigar dutsen da hannu, ta durƙusa ta gwara goshinta a kai. Kawu na tsaye yana murza hula, wallahi har tausayi ya ba ni.

"Duk yadin shagon, ja ka gani?" ta ce, ta leƙa zaure. "A shigo da ita."

Yarinya ta rarrafa ta haye dutsen, ta kama rigar Kawu tana ja. Ya zauna. Har aka kawo abinci bai tashi ba.