Sarkin Rum a Cibiyar Jikar Baba Tanko

Har gobe ba zan manta da lokacin da Garba kuku ya kusa rasa aikinsa a kan kuɗin da ko ƙuli-ƙuli ba zai saya ba. Zamanin gyaɗa ne, ina malamin awo a wani kamfani a Gwarzo. Aikina in ɗora buhu a sikeli, in duba ko an cakuɗa da tsakuwa, in kuma yi wa Baturen kamfanin tafinta. Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa.

Mutumin nan yana da wata cuta, wato tara tsofaffin kuɗin Rumawa na tagulla. In kaka ta wuce aiki ya lafa, sai ya buɗe akwatinsu ya tsare ni da tarihi: wannan kan sarki wane ne, an buga shi tun kafin Hijira, da irinsa sojan Rum yake sayen gurasa, manoman ƙasar su Mai Lofe ke tono su a gona. Ya ce koren tsatsar nan ita ce darajarsu, wanda ya goge ta ya kashe abin. Ni dai gyaɗa kai nake yi. A idona marfin kwalba ya fi su kyan gani.

Akwai guda mai kauri da kullum yake aljihunsa. Wata safiya ya laluba ya ji wayam. Aka birkice gida, babu. Garba, kukunsa, shi kaɗai ke shiga ɗakin kwanansa, saboda haka Mai Lofe ya ce in gaya masa in abin bai fito ba kafin Juma'a, ya tattara nasa ya nasa, kuma 'yan doka za su ji. Da bakina na fassara, raina bai so ba.

Garba ya ce, "Malam Sani, don Allah me zan yi da shi? Wa zai karɓa a kasuwa? Wallahi ba korar ce ta dame ni ba, a ce da 'ya'yana ubansu ɓarawo ne."

Ana cikin haka aka aike ni Kutama duba gyaɗar wani dillali. Na biya in sha ruwa gidan Baba Tanko, mai wankin Bature, wanda sai mako-mako yake zuwa ɗaukar kaya, bai ma ji labarin ba. Bayan mun gaisa ya fito mini da jikarsa jaririya in sa mata albarka. Ina karɓarta na ji wani abu mai tauri ɗaure a cikinta.

Baba Tanko ya ce, "Ai cibiyarta ce ta turo, kakarta ta ɗaura mata kuɗi ta koma. Ka san kwabonmu mai huji ne, ba ya dannewa. Sai Allah ya sa na tsinci wani mataccen ƙarfe a gindin bahon wanki."

Na ɗaga tsumman a hankali. Sai ga sarkin Rum, da hancinsa da koren tsatsarsa. Na sauke wata ajiyar zuciya har jaririyar ta firgita.

Na ba su labarin Garba, amma Inna Hajo, matar Baba Tanko, daga bayan danga ta ce ba mai kwance shi sai cibiya ta koma, ko Gwamna ne ya aiko. Dole na koma na ɗauko Mai Lofe a mota. Da ya gani, sai ya yi dariya har lofen ya faɗi. Ya zaro kwabon ƙasarsu marar huji ya ce a yi musaya. Inna Hajo ta jinjina shi a tafin hannu ta ce bai kai wancan nauyi ba, amma ta haƙura saboda Garba.

Da muka dawo, Mai Lofe ya tara ma'aikata ya ba Garba haƙuri a gabansu. Wannan fassarar kam na yi ta da ƙarfi, har mai gadi a bakin ƙofa ya ji.

Abin da na koya, kuma nake gaya wa na baya, shi ne in kaya ya ɓata a wurin aiki, a fara bin hanyar da kayan ya bi kafin a kama wanda ya fi kusa. Yarinyar nan tana Kabo yanzu da jikokinta. 'Yar Rum ake ce mata, kuma har Garba ya rasu, duk sallah sai ya aika mata da atamfa.