Kujerar Sha'aban da Hannun da Ya Ƙera Ta

Ƙarfe shida da rabi motar ma'aikata ke sauke mutane a bakin sito, amma kafin nan Malam Badamasi ya riga ya buɗe ɗakin walda. A unguwar Sulay, can ƙasar Larabawa, inda sito ke jingine da sito har ido ya gaji, shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Zai rataye rigarsa a ƙusa, ya ɗora ruwan shayi, sannan ya bi amalanken tura kaya ɗaya bayan ɗaya yana girgiza tayoyinsu. Wanda ya yi ƙara ya ja shi gefe. In ya gama gyara sai ya kifa shi, ya ɗauko alƙalamin fenti ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashi. Babu wanda ya sa shi. Ya ce maigidansa na Tudun Wadar Zariya ne ya koya masa, wai ƙarfe ba ya mantuwa, mai gyara ne ke mantawa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida. Na tambayi mutanen sito abin da za su tuna da shi, kowa ya kawo nasa. Direbobi sun ce ba a taɓa kai masa abu ya ce ba aikinsa ba ne. Baƙin zuwa sun ce shi ke raka su asibiti ya yi musu tafinta. Amma duk wanda ya fara, sai ya ƙare a kan kujerar Sha'aban, don haka ni ma can zan nufa.

Sha'aban Bakano ne, shan inna ya taɓa ƙafarsa ta hagu tun yana goye. Aikinsa duba kwalaye da manna musu takarda, kuma duk sito babu mai saurin hannunsa. Tsayuwa ce kawai ba ya iyawa. Satinsa na farko Malam Badamasi ya lura da yadda yake dogara ƙugu da tebur. Ya auna tsayin teburin da taƙi, washegari ya ajiye wata doguwar kujerar ƙarfe mai matakin ɗora ƙafa, ya wuce abinsa.

Malam Badamasi Bazazzagi ne, kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa. Kullum da safe sai sun taɓa.

"Bakano, an kwana lafiya? Na ga rufin sito yana nan, ashe ba ka kai shi kasuwa ba tukuna."

"Baba, ina jiran ka gama mini bayaninsa da Turanci ne. Ku da in kun gai da mutum sai ya nemo ƙamus."

Shekara huɗu ana haka, sai aka ba Basiru shugabancin masu lodi. Shi ma Bazazzagi ne, shi ma ya ce yana da wasa. Nasa wasan dai ba ya taɓa Kano, ƙafa yake taɓawa. Ya raɗa wa Sha'aban suna Ɗaya-da-rabi. Yana bin bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa. Wata safiya ya sa aka ɗaga kujerar da motar ɗaga kaya aka ɗora a saman kantar kaya mafi tsayi, ya ce, "Maza, bawana, hau ka ɗauko gadon sarautarka."

Aka yi dariya. Malam Badamasi ma ya yi. Shi da kansa ya ce kada in ɓoye wannan. Ya ce ranar ya ɗauka wasan gida ne, sai da ya koma ɗakin walda wani abu ya tsaya masa a rai: Sha'aban bai rama ba. Mutumin da ba a gama faɗa masa magana ya mayar da biyu, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Oga."

Daga nan abin ya zama na kullum. A ɗora kujera, a turo ta ƙasa da yamma, ƙafarta ta lanƙwashe, Malam Badamasi ya miƙar, ya rubuta kwanan wata. Basiru ya ce ba a zama a sashensa. Ya mayar da Sha'aban bakin mota wajen ɗaukar kaya, sannan ya rubuta wa ofis cewa mutumin ba shi da sauri, kada a sabunta masa kwantiragi. Saura wata biyu iƙamarsa ta ƙare. Takardar zama ce, in ta mutu babu aiki sai jirgi, ga Hajar matarsa da 'ya'ya mata uku a Kano suna kallon hannunsa.

Malam Badamasi ya sami Sha'aban bayan azahar a inuwar wata kwantena, ya naɗe wando yana matsa gwiwa. Ta kumbura har tana sheƙi.

"Tun yaushe?"

"Ba komai, Baba."

"Ban tambaye ka ko da komai ba."

Sha'aban ya ce, "In na rama, ogana ne. In na yi fushi, a ce Bakano ya kasa ɗaukar wasa. Ka faɗa mini ta ina zan bi."

Ba ofis Malam Badamasi ya fara zuwa ba. Sau biyu ya keɓe da Basiru, ya yi masa magana irin ta uba. Basiru ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, kai ma fa kana yi masa." Ranar Juma'a ya kai maganar gaban dattawanmu bayan an sauko daga masallaci. Suka ce a yi haƙuri. Wani ya ce kai ƙarar ɗan gida gaban Larabawa tonon asiri ne, gobe a ce 'yan Najeriya ba sa zaman lafiya, a daina ɗaukar namu. Wani ya ja shi gefe ya ce, "Saura maka 'yan watanni ka tafi da mutuncinka. Basiru ɗan garinku ne fa."

Kai ne ka amsa musu a hankali, Malam, ka ce asirin da ake rufewa a kan gwiwar wani ba asiri ba ne, miki ne. Sun ce ba ka ɗaga murya ba. Ka gai da kowa, ka sa takalmanka.

Malam bai yi wa Sha'aban dole ba. Ya ce, "Ƙorafin naka ne, ni sheda ce kawai. In ka ce a bari, an bari. In ka ce a je, ba za ka shiga ɗakin nan kai kaɗai ba." Kwana uku Sha'aban yana juya abin. Rana ta huɗu ya zo ɗakin walda da takarda fara. Suka zauna a kan benci, Sha'aban yana faɗa, Malam yana rubutawa da Larabcin da ya tsinta a bakin aiki da rubutunsa na makarantar allo. In Sha'aban ya sassauta magana saboda kunya, sai Malam ya ɗaga biro ya ce, "Abin da ya faɗa za ka faɗa, ba abin da ka so a ce ya faɗa ba."

Suka kai takardar ofis, sati uku babu amsa. Kowace Lahadi Malam Badamasi ya wanke hannu ya hau bene ofishin ma'aikata, ya yi sallama, ya tambaya, ya sauko. A ƙasa wasu suka daina shan shayinsa. Wannan ya yi masa ciwo, bai musa ba.

Ranar da aka kira su, mutum uku ne a kwamitin, wata mata ce ke shugabanta. Basiru ya yi bayani mai kyau, har da dariya. Ya ce al'adarmu ce, garinsu da garin Sha'aban abokan wasa ne tun kakanni, wanda ba namu ba ba zai gane ba. Ya ce kujerar kuma sau ɗaya ko biyu ne. Shugabar ta juya ga Malam Badamasi ta tambaya ko akwai wannan al'ada.

"Akwai, Ustaza. Ni ma ɗan garin Basiru ne, ni ma ina yi. Ranar farko har dariya na taya shi, Allah ya yafe mini. In kin yarda in nuna miki."

Ta yarda. Ya juya ya dubi Sha'aban, ya ce da Hausa, "Bakano, ka ga kujerun nan masu laushi? Kada ka taya su, ba na sayarwa ba ne."

Sha'aban ya ɗago. Bakinsa ya riga tsoronsa. "Baba, ai na bari ka gama lacca tukuna, kowa ya yi barci."

Malam ya fassara musu duka biyun. Ɗaya daga cikin mazan ya rufe baki da hannu.

"Wannan shi ne wasan," in ji Malam. "Ina taɓa garinsa, yana taɓa nawa, mu tashi babu wanda ya fi wani. Ba a taɓa halittar Allah. Ba a kuma yi da wanda abincinsa ke hannunka, don ba zai iya ramawa ba. Ki tambayi Basiru, a wata bakwai, wace rana ce Sha'aban ya rama."

Ta tambaya. Basiru ya buɗe baki, ya duba ƙasa.

Sai Malam ya nemi izini ya fita, ya dawo ɗauke da kujerar, ya kifa ta a kan tebur. Ƙarƙashinta fari fat da rubutu, kwanan wata a kan kwanan wata. Bai rubuta don shari'a ba, sabo ne kawai. Shugabar ta bi da yatsa tana ƙirgawa. Ashirin da uku.

Bayan kwana goma takarda ta fito. An mayar da Sha'aban teburinsa, an rubuta cewa zama haƙƙinsa ne a wajen aiki, an janye rahoton rashin sauri, an sabunta kwantiragi da iƙama. Basiru ya sami gargaɗi a rubuce, aka sauke shi daga shugabanci. Sha'aban ya karanta takardar. Ya kira Hajar, ya faɗa mata, ta yi ta cewa alhamdulillahi.

Malam Badamasi kuwa cewa ya yi kada wanda ya yi wa Basiru dariya. Da Basiru ya kawo amalankensa gyara, yana ta kauce wa ido, ya gyara masa, ya miƙa masa shayi. Ban ce komai ya warke ba. Har yau akwai dattijo ɗaya da ke amsa gaisuwar Malam a taƙaice.

Malam, maƙerin da ke miƙar da abin da ya lanƙwashe, mun gode. Kai ne ka ga mai rama wasa ya yi shiru, ka ji shirun nan har cikin ranka. Kai ne ka fara da faɗin laifinka kafin na wani. Allah ya kai ka Zariya lafiya, ya ba ka wanda zai tsaya maka ranar da ƙafa ta gaza. Mu kuma da za mu ci gaba da zama a ƙasar nan, a sito ne ko a mota ko a aji, mu riƙa duba fuskar wanda ake yi wa dariya. In ba ya yi, mu daina, mu je mu tambaye shi tun yaushe.

Jiya na leƙa sito. Na tarar Malam ya kifa kujerar yana ƙara mata walda a gindi, wai don ta daɗe bayansa. Sha'aban yana tsaye dafe da tebur yana jira.

"Bakano, na gama. In na ji ka sayar da ita, daga Zariya zan dawo."

Sha'aban ya karɓa, ya shafa rubutun ƙarshe da bai gama bushewa ba, ya zauna ya ɗora ƙafarsa.

"To sai na sa ta a kasuwa gobe, Baba," ya ce. "Ka dawo ɗin."