Giyar da Ban Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Kafin a sa mini ankwa, ni mai kai abinci tebur ne a wani restaurant na 'yan Italiya kusa da Stratford. Ina salla, ina azumi, zuciyata kuwa cike da mafarki irin na littattafan soyayyar da na taso da su.

A nan na san Amarone, jar giya mai tsada daga tuddan Valpolicella kusa da Verona a Italiya. Na haddace labarinta: sai an shanya inabin watanni a rumfa har ya yanƙwane, kamar yadda ake kauɗar tumatir a gida, sannan a matse. Nakan gaya wa baƙi ta fi dacewa da naman sa da ya daɗe a wuta, ko tsohon cuku. Da yamma in kwashe labarin tuddan nan in kai wa Zulai, wadda na sa wa rana, ina cewa can za mu je bayan biki.

Bala, abokina mai gareji a Dagenham, shi ya fara cewa in riƙa kawo masa kwalaben Amarone da aka shanye.

"Kwalba ce fa kawai, mutumina. Kai da ba ka sha, ina ruwanka?"

Da wannan maganar na halaka. Muka riƙa ɗura giya mai arha a kwalaben, mu toshe, ni kuma in sayar da daɗin baki. Kullum ina gaya wa kaina ai ko ɗigo bai taɓa harshena ba.

Ranar da asirina ya tonu, wani tsoho ɗan Valpolicella ne ya yi booking ɗin tebur don bikin zagayowar ranar aurensa. Ya nemi Amarone, na kawo masa tamu ta jabu. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin. Ya ce yana yaro shi ke juya inabi a rumfar mahaifinsa, wannan kuwa ruwa ne mai launi.

"Ka taɓa shanta?" ya tambaye ni.

Na ɗaga kai da alfahari na ce ni Musulmi ne.

"Addininka ya hana ka sha, amma ya yarda ka cuce ni a gaban matata?"

Har yau maganar nan tana ƙona ni fiye da ɗaurin da na sha. Bala ya tsere, ya bar ni da 'yan sanda. Zulai ta aiko da zobena ta hannun yayanta, ko gaisuwa babu. Haushin Bala nake ji, amma haushin kaina ya fi, domin da hankalina na mayar da tsarkin bakina mayafin rufe ƙazantar hannuna.

Na fito, na tuba, yanzu kaya nake saukewa a wani shago a Old Kent Road. Samari, duk wanda ya ce muku "kwalba ce kawai", ku tashi ku bar masa wurin. Ni ban taɓa shan giyar nan ba, amma ba wanda ta bugar kamar ni.