Ana Zargin Kiyashi

"Maganin ga naka jabu na! Sau ukku ina hwesawa, kiyashi na nan."

"Alhaji, ai ba kiyashi na ba..."

"Kai, bari in ƙare!"

A rumfar maganin ƙwari ne, kasuwar Birnin Kebbi. Mai faɗan dattijo ne, shadda ta sha guga, biro biyu a aljihu. Ina jin tsohon ma'aikaci ne da ya koma noman fadama a Zauro, bai kuma saba a katse shi ba. Da yatsu biyu yake riƙe da ganyen tattasai kamar takardar ƙorafi, duk ya kanannaɗe yana maiƙo. Rabin gonarsa, in ji shi, haka take.

Yana kaɗa ganyen a fuskar mai rumfa. Mu da ke gabansa muna kallon bayan ganyen: darɓa ce, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan, cunkus tana tsotse ruwansa, zaƙin da take fitarwa kiyashin ke bi. Shi saman kawai yake gani, inda ya yi ta feshi.

Wata mai jiran a sallame ta ta gaji.

"Baba, don girman Allah, juya ganyen ga ka duba!"