Baƙin Ruwa a Ƙirjin Yaya Sale

Jiya da dare na yi wani mafarki, Ɗanjuma. Ka san Yaya Sale yana kwance a ɗakin da ake killace masu murar nan mai sauka huhu. Ko ɗaga shi ba a iya yi, shi ya sa likita take turo na'urar sikani, mai nuna cikin jiki, har bakin gadonsa. Shekaranjiya ta nuna min allon ta gilashin taga, ta ce baƙin nan ruwa ne ya taru gefen huhunsa, za su huda tsakanin haƙarƙari su zuƙe. Na ce ba da yawuna ba. Ni mahauci ne, na san abin da ƙarfe yake yi wa ƙirji.

To a mafarkin, ɗakin ya koma kwata. Gadaje a jere inda muke kayar da shanu, jini yana bin lambatu. Likita ta shafa wa Yaya man nan mai yauƙi kamar kuɓewa, ta ɗora kan na'urar a awazarsa. Fararen layuka suka yi ta zubowa a allon, baƙin ruwa yana tasowa daga ƙasa. Sai kawai na ga Yaya a cikin allon, ruwa ya kai masa wuya, yana naushin gilashin har fatar hannunsa ta tsage.

Raina ya ɓaci. Na ɗauki gatarin fasa ƙashi na sari allon, na sake sara. Na bangaje likita ta bugu da bango, takunkumin fuskarta ya jiƙe da jini. Ruwan ya ɓalle daga allon, amma bai zuba ƙasa ba, bakin Yaya ya nufa yana shiga, ƙirjinsa yana kumbura, haƙarƙari suna ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Sai kawai na ga wuƙata ta fiɗa a hannuna. Likita ta ɗora yatsa a awazar Yaya, daidai inda na'urar ta nuna a huda. Ni da nake farke bijimi ina hira, na kasa. Yaya ya shaƙo wuyana, ya jawo ni har na ji warin numfashinsa.

"Habu, buɗe min."

Na ce, "Yaya, in na kashe ka fa?"

Ya kama hannuna da wuƙar ya danna da kansa, wani abu mai ɗumi ya feso min a fuska. Ban san ko jini ne ko ruwan ba, don a nan na farka, wuyana yana zafi.

Na duba waya, na tarar da kiran matarsa ban ɗauka ba. Ta turo saƙo cewa an sake sikanin da asuba, ruwan ya ƙaru, ni ake jira in yarda a huda.

Ga ni a bakin asibitin, tsoro ya hana ni shiga. Kai da kake zama wajen malamai, gaya min: abin da ya feso min ɗin nan, ransa ne ya fita, ko numfashinsa ne ya dawo?