Muryar Yarinya a Kaset ɗin Gayyar Tuwo

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da aka bi gida-gida ana rubuta yara makarantar boko kyauta, aka yi gayyar huɗa a gonar Sarkin Noma da ke yamma da ƙauyenmu, can gefen Pauwa. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, dawa ta kai gwiwa. Samari sun jeru da garemaninsu, babana yana biye da su da gangar noma rataye a kafaɗa, yana kiran kowane saurayi da sunan kakansa, wanda duk ya ji an ambaci gidansu sai ya ƙara duƙawa. Ni kuwa ina 'yar ƙarama wadda ba ta gama famfara ba, Inna ta ɗora mini ƙwaryar farau-farau, ruwan gero ne da ɗan tsamiya, ta ce in kai wa Baba kafin maƙogwaronsa ya bushe. Na keta kunyoyi, taɓo har ƙauri, na tsaya a gabansa na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu na ce, "Baba, ga ruwanka." Ya dakata da kiɗa ya kurɓa, sannan ya ci gaba da bugawa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙwaryar, don kada samari su yi sanyi. Ban lura ba cewa Yaya Sale yana tsaye a bayana da akwatinsa, ya danna jan maɓalli.

Yaya Sale ɗan wan Baba ne. Yana cikin samarin da suka jefar da fartanya lokacin da kuɗin mai ya fara kwarara, ya tafi leburanci wurin 'yan kwangilar hanya, ya dawo da wando mai faɗin ƙafa, da agogon da bai iya karantawa ba, da rakoda mai cin batir. A lokacin kowa ya samu abin hannu rakoda yake fara saye kafin ya gyara rufin ɗakin uwarsa. Yaya Sale ba abin da bai ɗauka ba a garin nan: kukan jakinmu, dakan matan gidan liman, har tarin wani tsoho da ke kwana a zaure. Yana ɗauka ya kunna, mutane su taru suna mamaki, shi kuma yana tafiya yana gyara kwala kamar shi ya ƙera abin.

Sai na faɗi ko wane ne Baba kafin a gane abin da akwatin nan ya yi mana. Sunansa Nomau, kuma gidanmu asalinsa gidan Maguzawa ne. Kakannina sun yi noma sun yi tsafinsu, kuma a gayyarsu da giya ake sallamar manoma. Baba ya musulunta tun ina goye, ya fasa tulun giyarsa da hannunsa a tsakar gida, ya koyi Fatiha da girmansa a bakin yaran da ya isa ya haife su. Shekara da shekaru yana tsayawa a sahun baya, yana riga kowa zuwa masallaci, yana share harabarsa ba wanda ya sa shi, duk don mutane su daina leƙa ƙwaryarsa in yana sha. Abu ɗaya ya riƙe daga gidan ubansa, gangar nan, shi ma sai da liman ya ce masa kiɗan noma ba laifi. A shekarar da nake ba da labari har an fara matsa masa wuri a sahun gaba, Inna tana cewa, "Babanku ya kusa zama mutum a garin nan." Tana faɗa tana dariya, amma ba wasa take yi ba.

Bayan kaka Yaya Sale ya tafi Sheme da akwatinsa, ya kunna kiɗan gayyar a teburin wani mai shayi a bakin hanya. A nan wani ɗan kama da ake ce wa Sha-Miya ya ji. 'Yan kama dai sana'arsu ke nan, su ɗauki waƙar wani su juye ta ta koma ta abinci, mutane su yi ta dariya. Sha-Miya ya samu kaset ɗin, ya ajiye rakoda biyu, ɗaya tana kiɗan Baba, ɗaya tana ɗaukar muryarsa a kai. Inda Baba ya ce saurayi ya gama kunya, shi ya ce ya gama malmala. Garma ta koma mara, gona ta koma akushi, Sarkin Noma ya koma sarkin loma. Ya haɗa da wasu waƙoƙin da ya juye, aka sa wa kaset ɗin suna Gayyar Tuwo. Ba zan yi ƙarya ba, mutumin ya iya, har yau in na tuna wasu wuraren sai bakina ya so ya motsa, kuma ina jin haushin kaina a kan haka. Da a nan ya tsaya da ba komai. Amma da ya zo inda muryata ta fito, sai ya bar ta ta fita sarai, sannan ya amsa da muryar tsoho, "Wane ruwa, ɗiyata? Na rijiya, ko wanda Nomau ke ɓoyo bayan ɗaki?" Ya yi ƙarar maƙwalwa, ƙwat ƙwat, daidai inda kiɗan ya tsaya. Da kiɗan ya dawo yana ɗingishi, saboda hannu ɗaya ke bugawa, sai ya karya harshe ya ci gaba da waƙar kamar wanda ya bugu.

Ina tare da Baba ranar da ya fara ji. Mun kai barkono kasuwar Ƙanƙara, ina riƙe da igiyar jaki, sai ga kiɗa yana tashi daga rumfar mai sayar da batir da kaset. Baba ya tsaya cak. Ya gane hannunsa kamar yadda mutum ke gane kukan akuyarsa a cikin garke. Fuskarsa ta washe, ya dube ni ya ce a hankali wai kiɗansa ya shiga akwati ya zo birni. Har ya matsa kusa, ya yi dariyar malmala tare da mutane. Sai muryata ta fito. Sai sunansa ya fito, tsirara, ba Malam ba Baba, a bakin mutumin da bai taɓa gani ba. Rumfar ta kece da dariya, wani da ya san shi ya nuna shi da yatsa, mai kaset ya mayar da wurin baya ya sake kunnawa. Baba ya karɓi igiyar daga hannuna, muka juya, barkonon ma a hannun wani maƙwabcinmu ya bar shi.

Kafin sallar layya kaset ɗin ya cika ƙasar. Yana motocin Faskari, yana wurin masu faci, yana gidajen biki. A makaranta, wadda a lokacin rumfar kara ce da allo jingine da bishiyar maɗaci, sunana ya ɓace, na koma Ga-Ruwanka. In muna carafke sai wata ta miƙo mini dutse da hannu biyu tana kwaikwayon muryata. A dandali 'yan mata suka saka kalmomin a waƙar gaɗa, ni da nake kan gaba wurin faɗawa a cafe ni sai na koma zaman gefe. Har malaminmu, wani saurayi mai son a ce yana da ban dariya, in zai aike ni ɗebo ruwa a randa sai ya ce in zo in yi masa irin na kaset. Na tsani mutumin nan, kuma ban ga dalilin da zai sa in ce na yafe masa ba don kawai shekaru sun wuce.

Abin da ya sami Baba ya fi nawa nauyi, don shi ba wanda ya yi masa dariya a fuska a cikin gari. Moɗar da ake sha da ita a ƙofar masallaci ce aka fara ɗaurayewa in ya sha. Wurin da ake matsa masa a sahun gaba ya rufe. Liman ya kira shi zaure ya tambaye shi cikin mutunci, Baba ya gaya masa farau-farau ne, liman ya ce ya yarda, amma yardar liman ba ta bi mutane gidajensu ba. Masu gardama suna cewa ai kunne ba ya ƙarya, kowa ya ji yadda kiɗan ya rikice bayan ya sha. Da damina ta zagayo aka gayyace shi gayya. Yana fara bugawa, samarin da ya san kakanninsu suka ɗauki amshin tuwo, suna dariya har garma na faɗuwa, wani daga ƙarshen layi ya ƙanƙance murya ya ce ga ruwanka. Baba ya sauke gangar daga kafaɗa, ya taho gida da ita a hannu, ya rataye ta a cikin rumbu. A nan ɓeraye suka cinye fatar. Yaya Sale kuwa, da Inna ta tare shi, sai ya ce ai wasa ne, wai shi aron kaset ɗin ya bayar, wata rana kuma ya ce sace masa aka yi, daga baya ya koma wurin aikinsa ya bar mu da abin.

Na yi aure a Damari, nisan duniya a ganina a lokacin, na tarar kaset ɗin ya riga ni zuwa. A can na gane cewa mutane sun mai da shi abin musu na hira. Maza a majalisa suna rantsuwa cewa a Funtuwa aka ɗauke shi, wasu su ce a Sheme ne a bayan shagon tela. Kukan jakin da ake ji a farkon waƙar, wai Sha-Miya ne ya yi da bakinsa, alhali jakinmu ne, mai yankakken kunne, da aka ɗaure a gindin ƙirya. Kiɗan kuwa sun ba wani yaron Sha-Miya, har suna yaba masa wai ya iya kwaikwayon bugun mashayi. Wasu sun ce babu ma wani Nomau a duniya, ƙirƙirarsa aka yi. Babbar gardamar ita ce ta yarinyar: ɗan kaman ne ya matse hanci, ko ɗiyarsa ce, ko wata 'yar talla da ta shigo bisa kuskure. Sau ɗaya na taɓa buɗe baki, muna surfe da matan unguwa, na ce ni ce, kuma ruwan gero ne da tsamiya, ni na ga Inna ta dama. Suka ajiye taɓare suna tafawa, suka ce to in maimaita musu su ji ko muryar ta yi kama. Babu wadda ta tambayi inda mai gangar yake.

Tun ranar kasuwar Ƙanƙara ban sake faɗin kalmomin nan a gidanmu ba. Ba wanda ya hana ni. In na kawo masa ruwa sai in durƙusa in ajiye in tashi, shi ma ya ɗauka bai ɗago ba. Haka muka yi har na bar gida, haka muke yi in na zo ganin gida. Ban taɓa ɗaukar laifin a kaina ba, yarinya ce ta kai wa ubanta ruwa, amma an shiga tsakanina da shi an ɗauke wani abu, kuma mu biyun mun sani.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi aka aiko na zo. Wata rana da hantsi an fito da shi tabarma a inuwar rumbu, ya ce yana son farau-farau. Na jiƙa tsamiya na dama, na kawo a ƙwarya, na durƙusa zan ajiye kamar kullum. Sai ya riƙe hannuna. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗiyata, mi kike ɓoyo? Ki hwaɗi mani. Yau babu mai ɗauka."

Na ce, "Baba, ga ruwanka."

Muryata ta tsufa, ba ta yi kama da ta kaset ba ko kaɗan. Ya kurɓa kaɗan, ya ce tsamiyar ta ji, ya mayar mini da ƙwaryar. Bai kai Juma'a ba.

Yanzu ba a gayya a wajenmu, gonakin yamma ma ba kowace shekara ake iya zuwa ba, kuma yaran da ke tasowa ba su taɓa ganin an huɗe gona da kiɗa ba. Amma Gayyar Tuwo tana nan, ta fita daga kaset ta shiga waya. Kwanakin baya na ji jikana yana kunna ta da abokansa a zaure, suna ta musun ko yarinyar gaske ce. Na tsaya a bayan labule. Na toshe kunnena daga muryar ɗan kaman, na bi kiɗan da ke ƙarƙashinta, har inda ya tsaya, har inda ya dawo da hannu ɗaya. Duk abin da ya rage na hannun Baba a duniya ke nan, kuma sai na haƙura da dariyar kafin in ji shi.